An yi mini sata, kamara ta ɗauka: in watsa hoton a WhatsApp?

Tambaya: Wani ɗan kasuwa mai shagon salula a nan Maraɗi ya aiko da tambaya. Ranar Juma'a gab da magariba aka zare masa wayoyi uku sababbi daga cikin gilashin nuni, kuɗinsu ya kai jika 270, aka bar masa kwalayen. Kamarar shagon ta ɗauki wani saurayi mai hula. Ya nuna wa yaran fadarsu bidiyon, biyu daga cikinsu suka ce sun gane shi, suka faɗi sunansa da unguwarsu. Yanzu yana so ya haɗa bidiyon da hoton saurayin na Facebook ya watsa a guruf-guruf da TikTok, ya rubuta "ɓarawo ne, duk wanda ya gan shi ya kama shi". Yana tambaya ko akwai laifi, tunda shi aka zalunta, kuma in akwai, me zai yi.

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Kada ka watsa, ko a guruf, ko a sitatus, ko a TikTok. Haushinka a kan hanya yake, jika 270 ba ƙaramar asara ba ce ga mai shago. Amma abin da kake shirin yi zai iya nisanta ka da wayoyin, ya mai da kai wanda ake tuhuma a gaban alƙali, kuma ya jawo a taɓa lafiyar wanda bai ji ba bai gani ba. Mu fara da bidiyon kansa, domin a nan yawancin mutane suke ruɗuwa.

Kamarar da aka fi sawa a shaguna ita ce mai lamba 1080, wadda faɗin hotonta ɗigo 1920 ne. Waɗannan ɗigon ake rabawa a kan duk faɗin wurin da take kallo. In tana kallon cikin shago da ƙofa da bakin titi, a ce faɗin mita 10, kowace mita ta samu ɗigo 192. Ma'aunin da masu harhaɗa kamarar tsaro suke aiki da shi ya ce sai mita ta samu ɗigo 250 kafin hoto ya isa a tantance fuskar baƙo, 125 kuwa ya isa ne kawai ka gane wanda ka riga ka sani. Faɗin fuskar mutum kamar santimita 16 ne, ke nan a asalin bidiyonka fuskar ba ta wuce ɗigo 31 ba. To da wuya ma a ce asalin ne za ka tura. Abin da aka saba shi ne a sa waya a ɗauki allon talabijin ɗin, sannan WhatsApp ya matse shi zuwa ƙaramin hoto mai faɗin ɗigo kamar 850. A nan fuskar ta koma ɗigo 13 ko 14. Abin da ya rage shi ne tsayi, da hula, da launin riga, kuma samari nawa ne a Maraɗi masu wannan tsayin da wannan hular?

Ko launin rigar ma ba abin dogara ba ne a irin wannan lokaci. Da haske ya ragu, kamara tana komawa baƙi da fari da fitilarta ta dare, kuma a ƙarƙashin wannan fitilar baƙin yadi yakan fito fari-fari. Sannan kamarar shago a can sama kusa da silin ake kafa ta, saman hula take gani fiye da ido da hanci. Sai kuma yadda aka yi shaidar. Ka miƙa waya a fada, ana zuba shayi, kai biyar sun haɗu a kan allo ɗaya, wani ya ce "kai, kamar wane", na kusa da shi ya ce "wallahi shi ne". Wannan shaida ɗaya ce, ba biyu ba, don na biyun ya ji suna kafin ya duba. Kama da wane kuwa ba ta wane. In kana son sanin nauyin maganarsu, ka kira kowa shi kaɗai, ka tambaye shi da me ya gane shi: tabo ne, ɗingishi ne, babur ne? Sannan ka ce ya zo komisariya ya maimaita ya sa hannu. Da yawa daga masu rantsuwa a gaban shayi, a nan muryarsu take sauka. Kada kuma ka manta wani yana iya jefa sunan wanda suke da tsohuwar gaba, a kan budurwa ko bashi, kai ka zama sandar dukansa ba ka sani ba.

Wannan kuskure ba na marasa ilimi kaɗai ba ne. A Afrilun 2013, bayan fashewar bam a gasar gudun famfalaki ta birnin Boston a Amurka, dubban mutane suka zauna a intanet suna gwada hotunan kamara da fuskokin jama'a. Suka tsayar da zargi a kan wani ɗalibi da iyalinsa ke cigiya tun wata guda kafin nan, aka dinga damun iyalin da kira da zagi. Daga baya aka tsinci gawarsa a kogi, kuma ba shi da hannu ko kaɗan. Kamfanin Reddit, inda zargin ya fi yaɗuwa, ya fito ya ba da haƙuri.

Abu na biyu, magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi ta baki. Guruf ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1024, kuma kowa yana iya tura saƙo wuri biyar a lokaci ɗaya. Kafin sallar isha'i bidiyonka ya kai Tibiri da Madarunfa, kafin asuba yana Jibiya da Katsina. Maɓallin goge wa kowa yana aiki ne cikin kamar kwana biyu, kuma naka kaɗai yake gogewa a gurufin da ka saka. Wanda aka riga aka tura gaba, da wanda aka ajiye a memori, da wanda aka raba ta Xender, sun fita hannunka har abada. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rubutu yana rabuwa da hoto a hanya. Kai ka ce ɓarawon waya. A guruf na huɗu wani zai ɗora vokal ya ce ɓarawon babur ne, a na bakwai a ce mai satar yara ne, ko mai kai wa ƴan bindiga labari. A yankinmu, inda mutanen Madarunfa da Gidan Rumji suka sha wahalar masu satar mutane da shanu, a liƙa wa saurayi sunan infoma daidai yake da a ɗora masa wuƙa a wuya. Fuskar da kai ka fitar ce za ta ɗauki duk wannan.

Kalmar "a kama shi" ba ta tsayawa a kamu. Ranar 1 ga Yulin 2018, a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra a Indiya, jama'a suka kashe baƙi biyar bisa jita-jitar satar yara da ta yaɗu a WhatsApp. Irin waɗannan kashe-kashe ne suka sa kamfanin ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar, a Indiya a 2018, a duk duniya a Janairun 2019, sannan a Afrilun 2020 ya mai da saƙon da aka tura da yawa zuwa wuri ɗaya kacal a lokaci guda. Kuma duk mun ji abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta masu komawa gida Kano, bisa zargin da ba wanda ya tsaya ya bincika. Taron jama'a ba ya tambaya, kuma wanda ya fara kururuwa ba shi ke da ikon cewa a tsaya ba.

Sai doka. Wadda ta shafe ka ita ce dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 a kan laifukan intanet. Sashe na 29 yana magana a kan ɓata suna ta hanyar na'ura, na 30 a kan zagi, na 31 a kan yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a ko ya zubar da mutuncin ɗan Adam. A 2022 an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, aka bar tara, shi ya sa har yau wasu ke cewa ai ba a kulle mutum don rubutun waya. Wannan tsohon zance ne. Doka mai lamba 2024-28 ta 7 ga Yunin 2024 ta dawo da ɗaurin: ɓata suna ko zagi, shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa, abin da ya faɗa ƙarƙashin sashe na 31, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5, kuma hukuncin wannan sashe yana hawa kan mutum ko da abin da ya yaɗa gaskiya ne. Ka auna da kanka, Alhaji. Asararka jika 270, mafi ƙarancin tara miliyan 1, ban da diyyar da wanda aka ɓata zai nema. In kuma aka ji masa rauni ko aka kashe shi bayan ka rubuta a kama shi, maganar ta bar ɓata suna ta koma tunzurawa, kuma rubutunka na nan da lambarka a kai.

Wasu suna ganin dabara ce su rubuta "ana zargi", ko su sa alamar tambaya, ko su ɓoye suna su bar hoto da unguwa. Alƙali yana duba ko mai karatu zai gane wa ake nufi, da kuma ko abin ya taɓa mutuncinsa. Buɗe sabon shafi da sunan ƙarya ma bai cika ceton mutum ba: layukan waya da takardar shaida ake musu rajista, kuma bidiyon kamarar shagonka ne, kowa ya san daga inda ya fito. Wanda ya tura gaba shi ma ya yaɗa. "Ni ma turo mini aka yi" ba ta wanke kowa.

Ta fuskar addini, za ka ji masu cewa ai wanda aka zalunta yana da damar faɗa, kuma gaskiya ne, aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta togace shi. Sai dai malamai sun bayyana cewa kuka ana kai shi ne ga wanda zai iya ƙwato maka haƙƙi, gwargwadon buƙata, a kan wanda ka tabbatar shi ya cuce ka. Kai kuwa zato kake da shi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari don kada a cutar da mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama, kuma hadisi ingantacce ya ce ya ishi mutum ƙarya ya dinga faɗin duk abin da ya ji. Ko da shi ne ɓarawon, uwarsa da ƙannensa mata ba su saci komai ba, amma su za a dinga nunawa a gidan biki da bakin famfo shekara da shekaru.

To ga abin yi, kuma na farkon yau za ka yi shi, kada ya kwana. Na'urar da ke ajiye hotunan kamara, in ta cika, a kan tsohon take rubuta sabo. Gwargwadon girman ma'ajiyarta da yawan kamarori, wata na'urar ko mako biyu ba ta riƙewa. Ka sa kile USB ka kwafe asalin bidiyon kai tsaye daga na'urar, daga awa ɗaya kafin satar zuwa awa ɗaya bayanta, na duk kamarorin. Ɓarawon shago yakan fara zuwa ya taya farashi ya duba wuri, kuma sau da yawa a wannan zuwan na farko fuskarsa ta fi fita. Kada ka yanke, kada ka zana jan da'ira, kada ka ɗora sauti. Ka yi kwafi biyu, ka ajiye ɗaya a gida. Ka duba agogon na'urar, don ɗaukewar wuta takan karkatar da shi: ka ɗauki hoton allon tare da wata waya mai nuna lokacin gaskiya a gefensa, ka rubuta bambancin. Wanda ake zargi yana iya kuɓuta, ko marar laifi ya shiga uku, a kan minti arba'in na agogon da ya karkace. Ka roƙi maƙwabtan shago masu kamara su ma su kwafe nasu. In dole ka tura wa mai bincike ta WhatsApp, ka tura a matsayin takarda, ta haka ba ya matsewa.

Kwalayen da aka bar maka sun fi bidiyon amfani. A jikin kowane akwai lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15, waya mai layi biyu tana da biyu. Ka rubuta su duka, ka haɗa da faktir ɗin da ka sayo kayan. Da waɗannan da kile za ka je komisariya ko jandarmeri, ko ka rubuta takardar ƙara kai tsaye zuwa ga alƙali mai shigar da ƙara na babbar kotun Maraɗi. Ka shigar da ƙarar a kan wanda ba a sani ba. Sunan da aka ba ka, ka faɗe shi yadda yake: "wane da wane suka ce mini sun gane shi, ni ban tabbatar ba." Wannan jimlar tana ba mai bincike bakin zare, kuma tana kare ka daga tuhumar ƙarar ƙazafi in aka gano ba shi ba ne. Ka karanta abin da aka rubuta, ko a fassara maka, kafin ka sa hannu, ka karɓi lambar ƙarar da sunan jami'in da ke riƙe da ita. Ka nemi a aika lambobin IMEI ga kamfanonin waya, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms. Kai ba za su ba ka komai ba, sai da takardar hukumar shari'a. Duk ranar da aka sa layi a ɗaya daga cikin wayoyin, kamfani yana ganin lambar layin, daga nan a bi wanda ya saya zuwa wanda ya sayar masa.

Hanyar tana da iyaka, gara ka sani tun yanzu. Tana cin lokaci, sai ka dinga komawa kana bibiya. In wayar ta tsallaka Najeriya aka sa mata layin can, kamfanonin nan ba za su gan ta ba. Akwai kuma masu gyara marasa tsoron Allah da ke sauya lambar. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa watsa bidiyo ke kashe bincike. Ɓarawon da bai san an gan shi ba yakan sayar a gari, a hankali, wani lokaci har ya sa layinsa a ɗaya. Wanda ya ga kansa a guruf kuwa, a daren zai rabu da kayan ta hanyar Ɗan Isa, ya ƙone rigar, ya bar gari.

Akwai sanarwar da za ka iya yi ba tare da ka taɓa mutuncin kowa ba: cigiyar kaya. Ka kai wa shugaban masu sayar da waya da na masu gyara, a saka a gurufinsu kaɗai: irin wayoyin, launinsu, ranar da aka ɗauke su, da alƙaluma shida na ƙarshen kowace IMEI. Kada ka ba da lambar duka, don kada wani ya riƙe ta ya yi da'awar kayan nasa ne. Ka ƙara da cewa an kai ƙara, kuma duk wanda aka kawo wa ya kira ka a asirce, kada ya kama kowa. Masu sana'a sun san ɓarawon zaune shi ma doka tana hukunta shi, don haka suna da dalilin danna *#06# su ga IMEI ɗin waya kafin su saya. In masu bincike suka ga ya dace a fitar da hoton don neman shaidu, su za su fitar, da sunan hukuma, kuma nauyin yana wuyansu.

A ce bincike ya tabbatar shi ne. In bai kai shekara 18 ba, alƙalin yara ne ke da maganarsa, wanda bai kai 13 ba kuwa doka ba ta ɗora masa hukuncin laifi. Iyaye za su zo da mai unguwa neman sulhu, kuma ba laifi ka karɓi kayanka ko kuɗinsu a rubuce gaban shaidu. Ka dai sani janye ƙararka ba dole ta tsayar da shari'ar ba, wannan shawarar mai shigar da ƙara ce. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne ka ce "ku biya ni jika 500 ko in watsa". Da ka faɗi haka ka shiga laifin karɓar kuɗi da barazanar tonon asiri, kuma vokal ɗaya ya isa hujja. In kuma wata rana aka kama wani hannu dumu-dumu a shagonka, doka ta yarda a riƙe shi a miƙa wa jami'in tsaro mafi kusa. Ka shigar da shi ciki, ka ja ƙofa, ka kira ƴan sanda a lamba 17. Ban da duka, ban da tuɓe riga, ban da rataya masa kaya a wuya ana ɗauka a waya. Amsa laifin da aka tatsa da bulala ba ta da ƙarfi a kotu, bidiyon kuma fuskokin masu dukan yake nunawa tar.

In har ka riga ka tura wa wasu, ka goge wa kowa yanzu tun lokaci bai wuce ba. Sannan ka yi vokal da muryarka a duk wurin da ka saka, ka ce ba ka tabbatar ba, ka janye, kuma duk wanda ya ajiye ya goge. Ka ɗauki dattijo ku je gidan yaron. Gyara ba ya yawo kamar yadda zargi ke yawo, kuma ba ya shafe laifin a doka, amma yana iya hana a taɓa shi, kuma alƙali yana la'akari da shi.

Tunda masu karatu da yawa a ɗaya ɓangaren suke, su aka yi wa terere, bari in faɗi nasu. Kada ka rama da zagi, sai ku zama masu laifi biyu. Ka tattara hujja kafin ka kai rahoto ga kamfanin da aka sa rubutun a dandalinsa ko ka toshe kowa, don da zarar an cire rubutun ko ka goge hirar, hujjar ta tafi. Hoton allo ya nuna lambar mai turawa, sunan guruf, rana da lokaci. A Facebook da TikTok ka kwafe adireshin rubutun da na shafin, don suna ana sauya shi cikin minti ɗaya. Ka ajiye vokal, ka fitar da hirar gurufin gaba ɗaya, sitatus kuwa ka hanzarta, awa 24 yake yi. In da hali ka kai wayar wurin wisiye, ma'aikacin shari'a mai tabbatar da hujja, ya duba da idonsa ya rubuta takardar tabbaci, ta fi hoton allo nauyi nesa ba kusa ba, tunda shi ana iya ƙirƙirarsa. Daga nan sai ƙara. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a, a kotu. In an baza lambar wayarka, hoton katinka ko bayanan gidanka, hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP da ke Yamai tana karɓar koke. In kuma ana maganar za a zo gida, lafiya ce gaba: ka kwana wani wuri, ka sanar da jami'an tsaro, a nemi mai unguwa da liman su yi magana da jama'a tun kafin su taru.

Mafi muni shi ne na hotunan tsiraici, kuma ƴan mata ne suka fi shan wannan azabar, daga tsohon saurayi ko wanda waya ta faɗa hannunsa. Kada a biya mai barazana ko dala, wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Ga wanda ya kai shekara 18 akwai shafin intanet na StopNCII, ga hoton da aka ɗauka kafin 18 akwai na Take It Down. Dukansu suna ciro wa hoton wata lambar shaida a cikin wayarka, hoton kansa ba ya fita, sai kamfanonin da suka shiga tsarin, irin Facebook da Instagram da TikTok, su yi amfani da lambar su tare shi. Ba sa aiki a cikin hirar WhatsApp, tunda a kulle take. In yarinyar ƙarama ce, kada kowa ya tura hoton ko da sunan hujja, a kai wayar kanta ga mai bincike. Iyaye kuma, don Allah, ranar ba ta duka da kora ba ce, yarinyar da aka tozarta a waje aka kuma rufe mata ƙofa a gida tana iya cutar da kanta. Masu turawa suna cewa wa'azi suke su karanta aya ta 4 da ta 19 a Suratun Nur: bulala tamanin ga mai ƙazafin da bai kawo shaidu huɗu ba, da azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai.

Admin na guruf yana da iko fiye da yadda yake zato. Yana iya goge saƙon kowane mamba ga kowa, yana iya rufe guruf ya zama admin kaɗai ke rubutu har ƙura ta lafa. Minti goman farko su ne komai, kafin a fara turawa gaba.

Komawa kan shagonka, Alhaji, ka bar kamarar sama a inda take, tana nuna yadda abu ya faru. Ka ƙara ɗaya a daidai tsayin fuska, kamar mita 1 da santimita 60 daga ƙasa, a cikin shago tana fuskantar masu shigowa, faɗin abin da take gani kada ya wuce mita 3. Hakan zai ba ka ɗigo 640 a kowace mita, fiye da ninki biyu na abin da ake buƙata. Ka sa fitila mai haskaka fuskar mai shigowa, don hasken titi daga bayansa yakan mai da shi baƙin inuwa. Ka daidaita agogon na'urar duk ranar Juma'a. Ka kuma buɗe littafi: duk wayar da ta shigo shago, a rubuta IMEI ɗinta da ranar shigowa kafin a sa ta a gilashi.